Gilashi Ba Ya Ƙirƙirar Haske: Abin da Majigin Gida Yake Koyarwa

Duk wanda ya taɓa haɗa majigi da hannunsa, ko da kwalin takalmi da wayar hannu, ko da allon tsohuwar kwamfuta, ya san inda gizo ke saƙa. Allon yana da faɗi, gilashin da zai jefa hoton a bango kuwa ƙarami ne. Nan take dabara ke zuwa: me zai hana a sa wani gilashin a tsakani, ya ƙanƙance hoton ya tattara haskensa, sannan a miƙa shi ga na gaba? A ganina wannan dabara ba ta biyan kuɗin da ake kashe mata, kuma fahimtar dalilin haka ya fi majigin kansa daraja.

Ƙanƙance hoto abu ne mai yiwuwa. Kowane gilashi mai tudun tsakiya yana da tazarar da yake tattara haske, wato nisan da hasken rana ke zama ɗigo ɗaya a bayansa. A ce tazarar santimita 20 ce. Idan aka ajiye allo a nisan santimita 60, hotonsa zai fito a ɗaya ɓangaren a santimita 30, a kife, faɗinsa rabin na asali. Idan aka matso da allon zuwa santimita 22, hoton zai faɗa a santimita 220, ya ninka sau 10. Gilashi ɗaya ne ya yi aikin biyu, nisa kawai aka sauya.

Matsalar tana ga hasken. Fuskar waya tana watsa haskenta ta kowace kusurwa, domin an yi ta ne don a iya kallonta daga gefe. Ɗan abin da ya faɗa kan gilashin kaɗai ke wucewa, sauran ya ƙare a jikin kwali. Wanda ya wuce ɗin ma, idan hoton ya ninka sau 10 a tsawo da faɗi, zai bazu a filin da ya ninka sau 100. Shi ya sa majigin waya ba ya ganuwa sai an toshe kowace kafa ta ɗaki.

Ƙanƙancewa ba ta magance wannan, saboda wata ƙa'ida da ba ta da makawa: duk lokacin da aka rage faɗin hoto da rabi, kusurwar da haskensa ke bazuwa tana ninkawa kusan biyu. Abin da aka samu a girma an biya shi a bazuwa, sai gilashi na gaba ya kasa kama hasken da aka yi zaton an tara masa. Ga kuma asarar da ke biyo baya, domin kowace fuska ta gilashi maras rufin musamman tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya same ta. Abin da ke ruɗar mutane shi ne yadda gilashin ƙara girma ke ƙona takarda da rana. Amma rana tana da nisa ƙwarai, haskenta kusan a miƙe yake isowa, don haka ake iya tattara shi. Da hasken waya ba za a taɓa ƙona ko tsinke ba.

Masu haɗa majigi da allon kwamfuta sun bi wata hanya dabam. Sukan cire fitilar bayan allon, su sa fitila mai ƙarfi wadda haskenta ke fitowa daga ƙaramin wuri, su kuma sa allon tsakanin faifan gilashin Fresnel guda biyu. Wannan gilashi mai zobba ya samo suna daga Augustin Fresnel, Bafaranshen da ya ƙera shi don hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya, aka fara amfani da shi a Cordouan a 1823. Faifai na farko yana miƙar da hasken, na biyu yana karkatar da shi zuwa bakin gilashin jefa hoto. Hanyar hasken aka tsuke, hoton yana nan yadda yake. Duk da haka allon kansa yana shanye fiye da kashi 90 cikin 100 na hasken, ya mayar da shi zafi, sai an haɗa da fanka. Kamfanoni kuwa allon suka ƙanƙance tun daga masana'anta: a majigin kasuwa da dama bai kai inci ɗaya ba.

Za a iya cewa, in haka ne, me ya sa za a ɓata lokaci, tunda ana samun ƙananan majigi a kasuwa? Ga mai son kallon ƙwallo da iyalinsa, gaskiya ce, ya je ya saya. Bidiyoyin da ke nuna kwalin takalmi yana fitar da hoto kamar na silima su ma ba su kyauta ba, domin yaron da ya gwada ya ga dishi-dishi zai ɗauka shi ne ya gaza.

Sai dai a ajin kimiyya lissafin dabam ne. Kalmar majigi ta samo asali daga sunan da Turawan Ingila ke kiran tsohuwar fitilar nuna hotuna, ta kuma zauna a bakinmu tun zamanin da motocin gwamnati ke zagaya garuruwan Arewa suna haska fim a fili. Mun daɗe muna zaune a gaban bango muna kallo, ba mu cika leƙa cikin akwatin ba. Kwali da gilashi da abin awo sun isa su buɗe shi.

Don haka malaman sakandare da masu shirya gasar kimiyya su daina auna majigin ɗalibi da kyan hotonsa. A tambaye shi tazarar gilashinsa, a sa ya faɗi inda hoton zai faɗa kafin ya kunna waya, ya bayyana dalilin kifewarsa, ya kuma lissafa inda hasken ya salwanta. Ɗalibar da ta ƙara gilashi na biyu, ta ga hoton ya ƙara duhu, ta kuma iya faɗin dalili, ita ta cancanci maki mafi yawa a ajin.