RA'AYINMU: Darasin eNaira da ma'aunin unguwar Liman Abaji

Ranar 25 ga Oktoban 2021, a Fadar Shugaban Ƙasa da ke Abuja, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da eNaira, Najeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da babban bankinta ya fitar da kuɗin intanet na hukuma. A wajen bikin an yi hasashen cewa sabon kuɗin zai iya ƙara wa tattalin arzikin ƙasa dala biliyan 29 cikin shekara 10. Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele a lokacin, ya ɗauko kamfanin Bitt na ƙasar Barbados ya gina tsarin a kan fasahar bulokcen, wato kundin lissafi da ake ajiye kwafinsa a kwamfutoci da yawa a lokaci guda, ta yadda da wuya wani ya goge abin da aka rubuta ko ya sauya shi a ɓoye.

A watan Mayun 2023 wani nazari da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya wallafa ya nuna inda aka kwana. Yawan lalitocin eNaira da jama'a suka buɗe a shekarar farko bai kai kashi 1 cikin 100 na asusun banki masu aiki a ƙasar ba. Abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne, a kowane mako, kimanin kashi 98.5 cikin 100 na lalitocin ba a taɓa su ko sau ɗaya. Jama'a sun sauke manhaja, sun yi rajista, sun leƙa, sun fita, ba su koma ba.

Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da za a yi wa wannan darasi karatun ta-natsu, musamman a tsakanin ma'aikatan tarayya da hadiman manyan jami'ai, domin ta hannunsu takardun irin waɗannan shirye-shirye ke bi kafin a sa hannu. Tun ranar 3 ga Mayun 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan bulokcen, kuma ba a daina kawo wa ma'aikatu tayin manhajoji ba: na tantance takardun shaida, na rajistar filaye, na rabon tallafi. Kowanne yana zuwa da alƙawarin miliyoyin masu rajista. Tambayar da ya kamata a riƙa yi wa mai tayin ita ce: mutum nawa ne za su dawo a mako na biyu?

Amsar ba a Maitama ko Asokoro take ba. A ɗauki ma'aikacin gwamnati ƙaramin mataki da tsadar haya ta kore shi daga Abuja, ya wuce Mararaba da Masaka, ya yada zango a unguwar Liman Abaji cikin garin Keffi. Kullum da asuba yana kan hanyar Keffi zuwa Abuja, albashinsa bai yi wa mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 nisa ba. A rana guda zai biya mai acaba, ya biya kuɗin mota, ya bar na cefane a gida, ya sayi kati, wataƙila ya tura wa ɗansa da ke Jami'ar Jihar Nasarawa ɗan abin kashewa, ko ya sayi magani a Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Idan a cikin waɗannan buƙatu babu guda ɗaya da manhajar za ta biya masa cikin sauƙin da ya fi na tsabar kuɗi ko tiransfa, to babu jawabin da zai sa ya ci gaba da ajiye ta a waya. Ranar da wayar ta cika, ita zai fara gogewa. Wannan shi ne ma'aunin da muke kira da a riƙa auna kowace manhajar gwamnati da shi.

Da aka ɗora eNaira a kan wannan ma'auni, ta gaza ta fuska uku. Ta farko ita ce ƙofar shiga. An ce an ƙirƙiro ta ne domin jawo marasa asusun banki, amma a farkon lamari sai mai asusu da lambar BVN da babbar waya ne ke iya buɗe ta. Kwanaki kaɗan bayan ƙaddamarwa manhajar ta ɓace daga rumbun Google Play na ɗan lokaci, a daidai lokacin da ƙorafi ya yi yawa kan wahalar rajista. Sai a 2022 aka fito da lambar *997# domin masu ƙananan wayoyi. Wanda ya gwada sau uku bai shiga ba, da wuya ya yi na huɗu, kuma zai ba maƙwabcinsa labari.

Ta biyu ita ce rashin dalilin dawowa. Naira ɗaya a eNaira daidai take da naira ɗaya a banki; ba ta ƙaruwa, ba ta sayen abin da waccan ba ta saya. Mai asusun da ya riga ya saba da tiransfa bai ga abin da ya ƙaru da shi ba, illa wata lambar sirri da zai haddace. A 2022 an gwada rangwamen kashi 5 cikin 100 ga masu keke-napep da fasinjojinsu, amma rangwame na ɗan lokaci ne, al'ada kuwa sai da dalili mai ɗorewa.

Ta uku ita ce rashin mai karɓa. Kuɗi ba shi da amfani sai an samu wanda zai karɓe shi. Mai shago ba zai buɗe lalita ba sai ya ga masu saye na tambaya. Mai saye ba zai zuba kuɗi ba sai ya ga shagon da ke karɓa. An zuba ƙarfi wajen tallata manhajar ga jama'a, aka bar mai tireda da mai nama da direban mota a baya.

Babbar jarrabawa ta zo a farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya jefa ƙasa cikin ƙarancin takardun kuɗi. Da eNaira na da kasuwa, a lokacin za ta ci ta. Gaskiya ne a watan Maris na shekarar Babban Bankin ya ce lalitoci sun kai kimanin miliyan 13, amma wani kaso mai yawa an buɗe su ne domin biyan tallafin gwamnati. Waɗanda suka kwashi kasuwar su ne OPay da PalmPay da Moniepoint, waɗanda ba su yi wa kowa lacca kan fasaha ba. Sun sauƙaƙa buɗe asusu, alat ɗinsu na shiga nan take, sun kuma baza masu POS a kowane lungu, mutanen da abokin hulɗa ya sani da suna, zai iya komawa gare su idan kuɗi ya maƙale. Haka M-Pesa ta kafu a Kenya tun daga 2007: da wakilai a bakin kasuwa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Kada wani ya fake da cewa 'yan Najeriya ba su waye da wannan fasaha ba. A 2023 da 2024 kamfanin Chainalysis ya sanya Najeriya ta biyu a duniya wajen rungumar kirifto. A nan Arewa, kowa ya ga yadda matasa da matan aure, har da ma'aikata a ofis, suka duƙufa kan “mainin” na Pi da Notcoin da Hamster Kombat. Waɗannan manhajoji sun ƙware wajen shigo da sabbi: rajista ba wahala, kowa na gayyato ɗan uwansa domin ƙarin maki, kullum akwai abin latsawa. Amma da Hamster Kombat ta yi rabo a Satumban 2024, da yawa suka tarar da abin da suka samu bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba, suka watse. Sannan a Afrilun 2025 dandalin CBEX, wanda ya yi wa jama'a alƙawarin ninka kuɗi cikin ɗan lokaci, ya rufe da dukiyar mutane. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk manhajar gaskiya da za ta zo bayan wannan, da bashin rashin yarda za ta fara.

Kyautar shiga ma ba ta riƙe mutane. Ƙasar El Salvador ta ba duk wanda ya sauke manhajar Chivo a 2021 kyautar bitcoin ta dala 30, bincike ya nuna mafi yawansu sun daina amfani da ita da zarar sun kashe kyautar. A farkon 2025 ƙasar ta gyara dokarta, ta daina tilasta wa 'yan kasuwa karɓar bitcoin.

Gwamnati ita ma tana da nata kason laifi wajen ruɗa jama'a. A Fabrairun 2021 Babban Bankin ya hana bankuna hulɗa da masu kirifto. A Disamban 2023 ya janye hanin. A farkon 2024 aka shiga takun-saƙa da Binance har ta dakatar da hada-hada da naira. A Agustan 2024 Hukumar Kula da Hannayen Jari, SEC, ta ba Busha da Quidax amincewar farko. A Maris na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar zuba jari da ta shigar da kadarorin intanet ƙarƙashin kulawar hukumar. Alƙiblar yanzu ta fi ta da, amma talaka da ya ga an haramta abu jiya an halatta shi yau yana da hujjar yin ɗari-ɗari.

Saboda haka muna kira da a yi abubuwa biyar. Na farko, Babban Bankin da duk hukumar da ke da irin wannan manhaja su riƙa bayyana adadin masu amfani da ita a kowane wata, ba jimillar waɗanda suka taɓa rajista ba, a kuma ɗaura biyan ɗan kwangila a kan wannan adadi. Na biyu, a fara da masu karɓa: gwamnati ta karɓi kuɗinta da kanta a asibitoci da makarantu da ofisoshin haraji, a shigo da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi da masu POS kafin a buga gangar talla. Na uku, a gwada kowace manhaja a unguwa guda irin Liman Abaji na tsawon watanni, da ƙaramar waya, da Hausa da sauran harsunan yankin, a inda sabis ke yankewa, kafin a kai ta zauren taro a Abuja. Na huɗu, a samar da hanyar gyara kuskure: wanda wayarsa ta ɓata, ko ya manta lambar sirri, ko ya tura kuɗi inda bai nufa ba, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa da kwanakin da zai jira. Haka kuma a fayyace wa jama'a wanda ke iya ganin abin da suka kashe, da dokar da ta ba shi izini.

Na biyar ya shafi masu karatunmu kai-tsaye. A duk lokacin da manhajar gwamnati ta rasa jama'a, hanya mafi sauƙi ta cike gurbi ita ce a juya kan ma'aikata, a ce ta nan za a riƙa biyan albashi ko alawus. Muna gargaɗi a kan haka. Ma'aikacin da bai manta da wahalar da aka sha kan IPPIS ba bai cancanci a mayar da haƙƙinsa abin gwaji ba. Kuɗin da aka tilasta masa karɓa ta manhaja, a ranar zai kwashe shi zuwa banki, a samu adadi mai kyau a rahoto, a rasa mai amfani a zahiri.

Ga daraktoci da hadimai da ke rubuta wa minista taƙaitaccen bayani: idan tayi na gaba ya iso teburinku, ku tambayi mai shi abin da mai shago a Keffi zai samu idan ya karɓa, da wanda zai amsa masa kira idan kuɗinsa ya maƙale ranar Juma'a da yamma. Idan babu amsa, a mayar da fayil ɗin. Ƙasar nan ta riga ta biya kuɗin wannan darasi sau ɗaya, bai kamata ta sake biya ba.