Mai Yashe Rijiyar Unguwa

Sana'o'in da iyaye suka sani a Gombe ba ɓoyayyu ba ne: noma, kiwo, fatauci, ɗinki, ko aikin gwamnati. Kowace daga cikinsu ana ganin mai yinta ya fita da safe, ya komo da yamma riƙe da cefane. To, yanzu ga wata sana'a ta shigo gari wadda mai ita ba shi da rumfa a kasuwa, ba ya zuwa ofis, kuma abin da ya fi ɗaure wa iyaye kai shi ne, mafi yawan abin da ya ƙera kyauta yake sakar wa mutanen da bai taɓa gani ba. Wannan sana'a ita ce rubuta buɗaɗɗiyar manhaja ta kwamfuta. Saurayin da ya kama ta a unguwa kamar Manawashi, cikin birnin Gombe, yakan sha kallon banza. Wasu su ce zaman kashe wando yake yi, wasu kuma su yi ta raɗe-raɗin ko ɗan damfara ne. Alhali kuwa aikin gayya yake yi, irin wanda kakanninsa suka sani tun kafin zuwan Turawa.

Da farko ya kamata mai karatu ya san abin da ake nufi. Manhaja ita ce jerin umarnin da aka rubuta wa kwamfuta ko wayar hannu domin ta san abin da za ta yi. Yawancin manyan kamfanoni sukan sayar da manhajarsu su ɓoye rubutun asali, kamar mai maganin da zai ba mutum gari a ƙulle amma ba zai faɗi saiwar da ya daka ba. In maganin ya ƙi aiki, sai dai a koma gare shi, a sake biya. Ita kuwa buɗaɗɗiyar manhaja, mai ita yakan ba da garin, ya faɗi saiwoyin, sa'an nan ya rubuta izini cewa kowa yana iya amfani da ita, ya nazarce ta, ya gyara inda ta gaza, ya kuma rarraba wa jama'a abin da ya gyara.

Asalin abin daga Amurka ne. Cikin shekarar 1983 wani masani, Richard Stallman, ya shelanta aikin da ya kira GNU, watau yunƙurin gina manhajar da babu mai ikon kulle ta. Cikin 1991 kuma wani ɗalibi mai shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar manhajar da ake kira Linux, ya sake ta ga duniya. Abin da ɗalibin nan ya fara a matsayin sha'awa, yau shi ne ke ƙarƙashin Android. Ke nan duk mai riƙe da irin wannan waya, ko ɗan acaɓa ne a Tashar Dukku ko mai sayar da hatsi a Tudun Hatsi, yana shan ruwan wannan rijiya ko da bai san wanda ya haƙa ta ba.

To, yaya yinin mai wannan sana'a yake idan a Manawashi yake zaune? Bayan sallar asuba abin da yake fara dubawa shi ne saƙonnin da suka kwana, domin abokan aikinsa suna warwatse a duniya, lokacin barcinsa shi ne hantsin waɗansu. Wani ya rubuto cewa manhajar ta ƙi buɗewa a wayarsa, wani ya aiko da gyara yana son a duba, wani kuma ya zo da ƙorafi ba ko sallama. Sai ya zauna ya bi rubutun layi layi har ya gano inda kuskuren yake. Idan ya gyara, ba ya shigar da gyaran kai tsaye, sai wani ya duba ya yarda, kamar yadda almajiri ba ya wanke allo sai malam ya ji haddarsa. Dukan wannan musaya ana ajiye ta a fili, da sunan kowa da ranar da ya yi aikinsa, ta hanyar wata manhaja mai suna Git, wadda shi dai Torvalds ya rubuta cikin 2005.

Amma kafin ya kai ga wannan duka, sai ya yi kokawa da abubuwa biyu. Na farko wutar lantarki. Mutanen Gombe ba su manta da shekarar 2024 ba, lokacin da ɓarayi suka lalata turakun babban layin da ya taso daga Jos, gari ya kwana cikin duhu mako bayan mako. Saboda haka abin da ya fi burge irin wannan saurayi ba sabuwar mota ba ce, a'a, farantin hasken rana ne da batir mai riƙe caji. Yakan san yawan wutar da kwamfutarsa ke ci kamar yadda uwargida ta san mudun da ke isar gidanta. Na biyu kuwa kuɗin data, wanda ya ƙara nauyi tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Duk wanda ya ga ya tashi tsakar dare yana sauke manyan fayiloli, ba rashin barci ke damunsa ba, rangwamen dare yake bi.

Tambayar da mahaifinsa zai yi ita ce, daga ina abinci zai fito? Tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa. Manhajar ce kyauta, ba gumin mai ita ba. Ana biyansa ya girka ta a makaranta ko asibiti, ya daidaita ta da bukatar wurin, ya koyar da ma'aikata, ya kuma zo idan ta ɓaci. Har ila yau aikin da ya yi a fili shi ne shaidarsa. Kamfanin da ke Legas ko Jamus ba ya bukatar wasiƙar wani babban mutum, zai duba rubutun yaron da idonsa ya ɗauke shi aiki yana zaune a ɗakinsa. Bugu da ƙari, ga wata kasuwa ta buɗe. Ran 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 kulawar da ya saba, kuma da yawa daga cikin kwamfutoci na hannu da ake saye a ƙasar nan ba su da ƙarfin ɗaukar wadda ta gaje ta. Wanda ya iya Linux yana iya raya irin waɗannan tsofaffin na'urori, makaranta ta ci gaba da amfani da su maimakon a jibge su a sito.

Kada mai karatu ya zaci amfanin ya tsaya kan masu kwamfuta. Alƙaluman da ƙananan asibitoci ke turawa sama, na haihuwa da rigakafi da zazzaɓin cizon sauro, ana tattara su ne cikin DHIS2, buɗaɗɗiyar manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagoranta, wadda ƙasashe fiye da 70 ke aiki da ita, har da Nijeriya. Haka nan wata mai suna ODK, ta cike takardun bincike a waya, ta yi aiki ƙwarai a yaƙin shan inna, wanda ya kai ga shelar da aka yi cikin Agusta 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Ashe lafiyar jaririn Manawashi ma tana da alaƙa da wannan gayya.

Sai kuma batun harshe. Kamfanin da ke ƙetare bai damu ba ko na'urarsa ta bambanta baki da baƙi, ko kare da ƙare, domin ba ya ganin riba a cikin lanƙwasar harafi. Sai mai harshen ne zai damu. Shi ya sa masu bincike irin su Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsa suka tattara dubban gajerun rubuce-rubuce na Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka, suka fitar da su a buɗe cikin 2022 da sunan NaijaSenti, domin kowa ya koya wa na'ura da su. Haka kuma shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin Hausawa, mutum ya karanta jimla a wayarsa, a ajiye ta ga duk mai bukata. Harshen da masu shi ba su shigar da shi na'ura ba, jikokinsu da wani harshe za su yi magana da ita.

Sai dai rijiyar unguwa tana da wata cuta: kowa da gugansa, amma ranar yasa ba a ganin kowa. Duniya ta ga misalin haka cikin Maris 2024. Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna XZ da ke cikin miliyoyin kwamfutoci, wadda mutum ɗaya, Lasse Collin, ya daɗe yana ɗawainiya da ita ba albashi. Da gajiya ta kama shi, sai wani da ya ɓoye sunansa na gaskiya ya shafe kimanin shekara biyu yana taya shi aiki har ya sami amincewa, sa'an nan ya dasa wata ɓoyayyiyar ƙofa ta shiga na'urorin mutane. Allah ya sa wani injiniya, Andres Freund, ya lura kwamfutarsa tana jinkiri na kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu ya tono abin kafin ya bazu. Buɗewar rubutun ce ta sa aka gano aikin ɓarawon, amma barin mutum ɗaya da kaya ne ya ba shi hanya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka akwai abin da ya rataya a wuyan kowa. Gombe ba baƙuwar wannan fanni ba ce, tun da ɗanta, Isa Ali Ibrahim Pantami, ya shugabanci hukumar NITDA daga 2016 zuwa 2019, ya kuma riƙe Ma'aikatar Sadarwa har 2023. Ya kamata Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere su riƙa lissafa wa ɗalibi gyaran da ya yi wa manhajar da jama'a ke amfani da ita, maimakon kundin da zai ƙare a kan kanta yana shan ƙura. Ya kamata ma'aikatun jiha, idan sun biya kuɗin jama'a an rubuta musu manhaja, su sa sharaɗin a bar rubutun a buɗe, domin kada ɗan kwangila ya tafi da makulli. Masu hali kuma, ɗaki ɗaya mai farantin hasken rana da intanet a cikin unguwa zai ishi samari da 'yan mata goma su koyi sana'a.

Iyaye kuwa, ba a ce su rufe ido ba, domin 'yan damfara suna nan, kuma su ma da kwamfuta suke aiki. Amma bambance su ba wuya. Ɗan damfara ɓoye aikinsa yake yi, shi kuwa wannan, da an tambaye shi zai buɗe ya nuna, da sunansa a jiki. A al'adar gayya ba a biyan masu noma lada, amma mai gona bai taɓa barinsu da yunwa ba, yakan kai musu fura da tuwo har bakin kunya. Abin da mai yashe rijiyar nan yake nema ke nan daga unguwarsa. Allah ya sa a gane.