Filin Kiɗa da Waƙa: Hannun Hagu A Kan Fiyano

Wani matashi mai koyon fiyano a unguwar Federal Low-Cost, Gombe, ya aiko da kuka cewa wuyan hannunsa na hagu yana masa zogi duk sa'ad da ya buɗe yatsu don danna maɓallai huɗu a lokaci guda, watau abin da makaɗa ke kira kod. Yana tambaya ko ya daure.

Kada ka daure, samari. Tazarar maɓallai takwas a fiyano, daga C zuwa C ta gaba, wajen santimita 16 da rabi ce, ta maɓallai goma kuwa ta kai 21. Rachmaninoff, mutumin Rasha, yana iya haɗa 12 da hannu guda, ya kuma rubuta kiɗansa gwargwadon hannunsa. Yawancinmu ba a ba mu irin wannan tafi ba, kuma naci ba ya ƙara wa ƙashi tsawo. Ɗan ƙasarsu Scriabin ya lahanta hannunsa na dama a 1891 saboda tsananta gwaji, har daga baya, a 1894, ya rubuta kiɗa na hannun hagu kaɗai.

To, ga yadda ake yi. Babban yatsa shi ne 1, ƙaramin shi ne 5. A kan C-E-G-C littattafai sukan ce 5-4-2-1, a kan G-C-E-G kuwa 5-3-2-1, domin tazarar ƙasa ta fi faɗi. Amma lambar littafi shawara ce kurum. Abin dubawa shi ne inda hannun zai nufa bayan nan, gama yatsan da ya yi daɗi a wannan kod yana iya barinka a makare a ta gaba. In ka zaɓa, sai ka rubuta da fensir, ka riƙe shi kullum.

Idan kod ta fi ƙarfin hannu, dabara uku ce. Ko dai babban yatsan dama ya karɓi sautin sama, ko a jero sautukan da sauri daga ƙasa a riƙe su da feda, ko kuma a zubar da wanda aka maimaita. Amma sautin ƙasa ba a taɓa shi, shi ne harsashin ginin, haka nan E, wadda ita ke bambanta kod mai fara'a da mai juyayi. Ni dai na fi son dabarar farko, don mai sauraro ba ya jin an rage kome.

Sai dai kash, yawancin ƙananan Yamaha masu maɓallai 61 da yaranmu ke koyo a kai, a majami'u da ɗakunan ɗaukar waƙa, ba a haɗa musu feda, alhali kuwa ramin sa ta yana nan a baya. Wanda ke da niyyar kiɗa mai wuya ya nemi feda tun yanzu. In kuwa zogin ya ƙi lafawa bayan an huta, sai a ga likita.