A Je Ganin Jami'a Kamar Yadda Ake Zuwa Ganin Ɗaki

'Yan'uwa mata, a kowace shekara da zarar Hukumar JAMB ta buɗe rajistar shiga jami'a, sai a ga 'yan matanmu na ajin ƙarshe na sakandare sun yi cincirindo a wuraren cika takarda. Yarinya za ta zauna gaban mai kwamfuta, ya tambaye ta wace jami'a take so, ta faɗi sunan da ta ji a bakin ƙawa ko wanda ta gani a hoto cikin waya. Wata ma mai kwamfutar ne zai zaɓa mata, domin layi ya yi tsawo. Cikin minti 5 an yanke inda za ta zauna shekara 4, ko 5 in lauya za ta zama, ko 6 in likita. Ita ba ta taɓa taka wurin ba, uwarta ba ta taɓa ganinsa ba, uban kuwa sunan garin kaɗai ya sani. Wannan shi ne cinikin biri a sama, kuma ra'ayinmu a wannan fili shi ne lokaci ya yi da za mu daina shi.

Mu mata mun fi kowa sanin amfanin a je a gani. In an sa ranar 'ya, ba a sayen gado ko labule sai gwaggo da inna sun je ganin ɗaki. Su auna bango, su leƙa madafi da makewayi, su tambayi inda ake ɗebo ruwa, su lura da irin maƙwabtan da za a zauna da su. Kafin nan ma an riga an yi binciken ango a unguwarsu da wurin sana'arsa. Ba wanda ya taɓa kiran wannan ɓarnar kuɗin mota. To, yaya za a yi mu ɗauki wannan 'yar, tana da shekara 17 ko 18, mu aika ta wani gari ta kwana ta tashi cikin dubban baƙi, alhali ba wanda ya je ya gano mata wurin?

A da can babu wani zaɓi mai yawa. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962, kuma har zuwa 1975 ita kaɗai ce jami'a a duk Arewa. A 1975 aka kafa ta Sakkwato da ta Maiduguri da ta Jos, sa'an nan Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. A 2011 Gwamnatin Tarayya ta ƙara wasu, cikinsu har da na Dutse da Dutsin-Ma da Kashere, a 2013 kuma na Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa. Yau jami'o'in Nijeriya sun haura 250, na tarayya da na jihohi da na masu zaman kansu. Zaɓi ya yawaita, amma hanyar da muke bi mu yi zaɓin tana nan kamar lokacin da jami'a ɗaya ce tak.

Sunan jami'a ba ya gaya miki inda 'yarki za ta zauna. Wadda ta rubuta Zariya, in Shari'a ko Mulki za ta karanta, a Kongo za ta zauna, kusa da Tudun Wada. In Kimiyya ce ko Koyarwa, Samaru ce, kuma tsakanin wuraren biyu ya haura kilomita 10. In likitanci ne, ƙarshenta Asibitin Koyarwa na Shika. Jami'ar Bayero tana da tsohon mazauni a gefen ganuwar birni, tana da sabo a kan hanyar Gwarzo, ɗaliban asibiti kuwa suna Asibitin Malam Aminu Kano a hanyar Zariya. Uwar da take murna 'yarta za ta riƙa zuwa daga gidan kawunta na Hotoro, sai ta hau mota ta gwada tafiyar da ƙarfe 7 na safe tukuna. A Sakkwato babban mazaunin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana ƙetaren gulbin Rima, kuma a damunar 2010 ambaliya ta yanke gadar da ta haɗa shi da gari har karatu ya tsaya. Duk wannan ba a rubuta shi a takardar JAMB.

Wani zai ce ai maigida ko yayanta namiji ya isa ya je ya gano. Muna gode musu, amma akwai iyakar abin da za su iya gani. Namiji zai ga ƙofar shiga da dogon ginin hukumar jami'a, ya ga furanni, ya dawo ya ce wuri ya yi kyau. A ƙofar ɗakin kwanan mata za a tsayar da shi, kuma daidai ne a tsayar da shi. Cikin Amina Hall ko Ribadu Hall a Samaru, ko Nana Hall a Kano, mace ce za ta nemi izini ta shiga. Ita ce za ta ga makewayi, ita ce 'yan mata za su saki jiki su gaya wa gaskiya. Saboda haka wannan aiki na uwa ne, ko gwaggo, ko yaya mace, tare da ita yarinyar.

Kada a je ranar bikin yaye ɗalibai ko ranar rantsar da sababbi, domin ran nan an yi shara an yi fenti, janareta yana aiki tun safe. Kada kuma a je lokacin hutu, wuri ba kowa. A zaɓi Talata ko Laraba a tsakiyar zangon karatu, a yi sammako. A yi shiga ta mutunci, a riƙe katin shaida, a gai da masu gadi a faɗa musu abin da ya kawo ku. Ba sai an nemi ganin wani babba ba. In babba ya haɗa ku da ɗan rakiya, inda yake so ku gani nan zai kai ku. Abin da ya fi shi ne a sami wata ɗaliba 'yar garinku, wadda take shekara ta 2 ko ta 3, ta zaga da ku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A ɗakin kwana, a bar tambayar "Yaya wurin naku?", domin amsarta "Lafiya lau" ce. A yi tambayar da amsarta lissafi ce. Mutum nawa hukuma ta rubuta a ɗakin nan, mutum nawa kuma suke kwana a ciki? Yaushe rabon da famfo ya kawo ruwa? In bai kawo ba, nawa ake sayen jarka? Ƙarfe nawa ake kawo wuta, ƙarfe nawa ake ɗaukewa? Ana barin girki a ɗaki, kuma da risho ne ko da gas? Ƙarfe nawa ake rufe ƙofa da dare, wa yake riƙe da makulli? Babbar tambaya kuwa ita ce: sabuwar ɗaliba tana samun gado, ko sai wadda ta yi sa'a? A tsaya a gaisa da mata masu shara da masu sayar da abinci. Sun daɗe a wurin fiye da kowace ɗaliba, kuma ba su da dalilin ɓoye miki kome.

In amsa ta nuna gado ba ya isa, to lalle ne a fita a ga unguwar da ɗalibai suke haya, kamar cikin garin Samaru ko Ɗanbare ta Kano. A duba nisa, a duba ko akwai katanga da mai gadi, a tambayi yadda hanya take bayan magariba da kuma lokacin damuna. Ba don mu tsorata kowa muke faɗin haka ba. A watan Satumba na 2023 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen haya a Sabon Gida, a wajen harabar makarantar. Iyayen da suka san 'yarsu a haya za ta zauna, sun san abin da za su tambaya da abin da za su tanada tun kafin ta tafi.

Sa'an nan a je wajen karatu, tun da shi ne ya kai mu. A nemi izini a tsaya a bayan aji na 'yan mintoci. Wadda take zaune a baya tana jin malami kuwa? Akwai masu tsayuwa a taga? A leƙa ɗakin karatu, kamar na Kashim Ibrahim a Samaru, a ga ko akwai wurin zama da fitila. Mai son kimiyya ta roƙi a nuna mata ɗakin gwaje-gwaje, ta tambayi ɗalibai sau nawa suka taɓa kayan da hannunsu. A kuma shiga ofishin sashen a tambaya a fili ko Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC, ta amince da wannan kwas ɗin. Kwas ɗin da ba a amince da shi ba yana iya hana yarinya zuwa hidimar ƙasa bayan ta sha wahalar shekaru. Masu aika 'ya'ya ƙetare su ƙara lura: a watan Janairu na 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin 'yan makonni ba tare da ya zauna a aji ba.

Akwai wata tambaya da kunya take hana mu yi, amma dole a yi ta. Uwa ta ja ɗaliba gefe, ta tambaye ta a hankali: in wani malami ko ma'aikaci ya matsa wa yarinya da maganar banza, wurin wa take kai ƙara, kuma an taɓa hukunta wani? Yadda za ta amsa, ko yadda za ta yi shiru, zai gaya miki abu mai yawa. Amfani na biyu kuma, 'yarki ta ji da kunnenta cewa wannan magana ce da za ta iya kawo miki ba tare da tsoro ba.

Matan aure masu niyyar komawa karatu, ku ma wannan magana taku ce, har ta fi shafarku. Ki tambaya ƙarfe nawa ake tashi daga lacca ta ƙarshe, ko ana yi ran Asabar, ko akwai wurin renon yara a cikin makaranta, ko ana barin mai goyo ta zauna a ɗakin kwanan ɗalibai. Ki lissafa kuɗin mota na wata guda. In da hali ki roƙi maigida ku je tare, domin mijin da ya ga wurin da idonsa ya fi wuyar juyawa ranar da masu zuga suka fara.

Mun san za a ce kuɗin mota ya yi tsada, kuma gaskiya ne. Amma a auna shi da kuɗin rajista da na haya da na abinci da za a yi asara in yarinya ta dawo gida bayan zango 2. Asarar ma ba ta tsaya kan kuɗi ba. A gidaje da yawa in ta fari ta je ta dawo da kuka, an rufe wa ƙannenta ƙofa ke nan, sai a ce ai an gwada. Gida 3 ko 4 suna iya haɗa kuɗi su tura uwa ɗaya mai ido da 'yan matan. Ana iya haɗa tafiyar da ziyarar dangi ko zuwa biki. Inda hanya ba ta da lafiya kuwa, kada a yi ganganci. A jira ɗaliban garinku su zo hutu a zaunar da su, ko a sa wadda aka amince da ita ta zaga da waya tana nuna muku wurin kai tsaye. Masu cewa bai kamata mace ta yi tafiya don irin wannan ba, su tuna da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. 'Yan taru daga ƙauyuka suke tahowa wurinta neman ilmi, 'yan mata da tsofaffi, jaji tana gaba tana kula da su.

Sai dai a yi hattara, kada ziyarar ta zama dalilin hana yarinya karatu. Da wuya a sami jami'ar gwamnati wadda ba ta da ƙarancin gado ko ruwa, kuma dubban mata sun bi ta cikin wannan wahala sun fito likitoci da alƙalai da malamai. Kada taga ɗaya da ta fashe ta sa a fasa, kada kuma sabon fenti ya ruɗe mu. A ga wuri 2 in da hali, a rubuta abin da aka gani a littafi, a kwatanta. A hanyar dawowa a bar yarinya ta fara faɗin nata ra'ayin, tun da ita za ta zauna.

A ƙarshe muna kira ga shugabannin makarantun 'yan mata da su riƙa shirya wa 'yan aji 5 irin wannan ziyara, tun kafin lokacin rajista ya zo, su kuma gayyaci iyaye mata cikin tafiyar. Muna roƙon hukumomin jami'o'i su umarci masu gadi da masu kula da ɗakunan kwana su karɓi uwar da ta zo dubawa da fara'a. Iyayenmu maza da mazajenmu kuma, ku ba da izini ku ba da kuɗin mota. Gani ya kori ji. Allah ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, ya kai su lafiya ya dawo mana da su lafiya, amin.