Ja da Baya ga Rago: Yadda Ake Tare Mai Gudu, daga Gidan Gem zuwa Fadamar Haɗejiya

A gidajen gem na Haɗejiya, kamar na sauran garuruwan Arewa, akwai wata doka da ba a rubuta ba amma kowa ya san ta: wanda ya riga zaɓar ƙungiya zai ɗauki mai 'yan gaba masu gudu. Kafin a take wasa an fara gardama a kan wanda zai ɗauki Mbappé ko Vinícius, kuma wanda ya sha kashi yana da uzuri a shirye, wai gudu aka fi shi. Wannan uzuri bai cika zama gaskiya ba. Galibi abin da ke kayar da mai tsaro shi ne wurin da ya tsaya tun kafin a fara gudun, da kuma kwaɗayinsa na hana abokin karawa komai da komai. Wasan da ya fi kowanne bayyana wannan a fili shi ne Madden, gem ɗin ƙwallon Amurka, duk da cewa FIFA da PES ne suka mamaye allunan PlayStation a ƙasar Hausa.

Me ya sa Madden?

Ƙwallon Amurka wasa ne na 'yan wasa 11 a kowane ɓangare. Ana ba masu kai hari dama 4 su ci yadi 10. In sun ci a sabunta musu, in sun gaza ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Bayan kowace dama wasa yana tsayawa, kowane ɓangare ya sake zaɓar tsari. Wannan tsayawar ce ta sa wasan ya zama makaranta ga mai son fahimtar tsaro, domin kuskuren da ke ɓuya cikin hayaniyar ƙwallon ƙafa, a nan ana ganinsa ƙarara: ka zaɓi tsari, an buga, ga sakamako.

Kamfanin EA ne ya fitar da gem ɗin a 1988 da sunan John Madden, kocin da ya ci wa Oakland Raiders kofin Super Bowl a farkon 1977. Madden ya kafe a kan sai an sa 'yan wasa 11 cif a kowane ɓangare, abin da ya wahalar da kwamfutocin wancan zamani ya kuma jinkirta aikin na shekaru. Tun daga nan gudu ya zama ciwon kan masu tsara gem ɗin. A fitowar Madden 2004, Michael Vick na Atlanta Falcons, mai jefa ƙwallo wanda kuma ya fi yawancin masu tsaro gudu, ya gagari kowa, har abokai suka riƙa yarjejeniyar cewa ba wanda zai ɗauki ƙungiyarsa. A shekarar da ta biyo baya kamfanin ya karkata ga ƙarfafa tsaro, ya sa hoton Ray Lewis, ɗan tsaro, a bangon gem ɗin. Masu buga FIFA 17 sun ga irin wannan a kan Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars da ya koma Leicester City a 2016, wanda gudunsa ya sa ake rububinsa fiye da 'yan wasan da suka fi shi maki a jimlace.

Lissafin gudu

Gudu ba ya amfani sai da abu biyu, fili da lokaci. A ɗauka, a misali, ɗan gaba yana cin mita 10 a daƙiƙa ɗaya, ɗan baya kuma mita 9. In suka tashi kafaɗa da kafaɗa, bayan mita 10 tazarar da ke tsakaninsu mita ɗaya ce kacal, wadda miƙa ƙafa ke iya rufewa. Bayan mita 40 tazarar ta zama mita 4, kuma ba abin da zai rufe ta. Amma in ɗan bayan ya tsaya mita 5 a bayan ɗan gaban tun farko, shi zai riga isa wurin. Gudunsu bai canza ba, wurin tsayuwa ne ya canza. A ƙara da cewa wanda ya manne wa ɗan gaba sai ya juya kafin ya bi shi, kuma juyin nan kaɗai yana cinye taku biyu ko uku.

Daga wannan lissafi ƙa'idojin tsaro suke fitowa. Ta farko, a rufe can baya. A Madden ana yin haka ta hanyar ajiye masu gadi biyu a nesa, kowanne ya kula da rabin fili, maimakon a bar mutum ɗaya ya yi tsere da wanda ya fi shi. A FIFA da PES ma'anarsa a sauke layin 'yan baya, a daina tura su tsakiyar fili. Ta biyu, a tsare wuri maimakon bin mutum. Mai bin mutum sau da ƙafa ya amince da tseren da ba zai ci ba. Mai tsare wuri kuwa yana miƙa mai gudu ga na gaba da shi. Ta uku, a rage lokaci. Doguwar jifa tana bukatar daƙiƙoƙi kafin mai cafewa ya yi nisa, don haka in aka takura wa mai jefawa, gudun na gaba ya tashi a banza. A ƙwallon ƙafa ma haka ne: ɗan tsakiyar da zai zura ƙwallon shi ne abin tarewa, domin ya fi sauƙin kamu. Ta huɗu, a bar gaggawa. Yawancin ƙwallayen da ake ci a gidan gem suna shiga ne saboda mai riƙe da hannun gem ya fizgo ɗan baya daga wurinsa ya kai sura ya kuskure, ya bar rami a bayansa. Sauri ya haifi nawa.

Shaida daga fili na gaske

A watan Nuwamba na 2020, Tampa Bay Buccaneers sun karɓi baƙuncin Kansas City Chiefs, suka bar mutum ɗaya ya riƙa bin Tyreek Hill, ɗaya daga cikin mafiya gudu a gasar NFL. Hill ya ci yadi 269 a wasan, sama da 200 daga ciki a zangon farko cikin huɗu. A watan Fabrairu na 2021 ƙungiyoyin biyu suka sake haɗuwa a Super Bowl. Todd Bowles, mai tsara wa Buccaneers tsaro, ya ajiye masu gadi biyu a can baya kusan duk wasan, ya bar mutum huɗu kawai su riƙa kutsawa kan Patrick Mahomes. Rashin manyan masu kare Mahomes biyu, waɗanda suka ji rauni, ya taimaka masa. An tashi 31 da 9, kuma Chiefs ba su kai ƙwallo ƙarshen fili ko sau ɗaya ba. Gudun Hill bai ragu ba tsakanin wasannin biyu. Filin da zai yi gudun ne aka ƙwace.

Masu kallon ƙwallon Turai sun ga kishiyar haka. A gasar cin kofin duniya ta 2014, Arjen Robben ya tsere wa Sergio Ramos a fili fetal, Holan ta ci Sifaniya 5 da 1. A watan Nuwamba na 2023, Tottenham ta rage mutum 9 a fili amma ta ƙi sauke layinta daga tsakiya, Chelsea ta ci ta 4 da 1. An yaba musu da jarumta, amma maki uku ba su zauna a gidansu ba.

Sai dai wannan tsari yana da farashi, kuma nan ne mutane da yawa ke kasa jurewa. Wanda ya rufe baya ya buɗe gaba. Za a riƙa cin sa yadi 4, yadi 5, ana ta taɓa ƙwallo a gabansa, 'yan kallo suna yi masa tsiya cewa ya ji tsoro. Dabarar ita ce ya amince da wannan ƙaramar asara, domin wanda aka tilasta wa yin motsi goma sha biyu kafin ya ci ya fi kusa da kuskure fiye da wanda motsi ɗaya ya ishe shi. Kuma da zarar wasa ya matso kusa da gida fili yana tsukewa, gudu ya rasa inda zai yi aiki. Taura biyu ba ta taunuwa: mai tsaro dole ya zaɓi abin da zai sallama, in ba haka ba abokin karawa ya zaɓa masa.

Akwai dalilin da ya sa matasa ke ganin gudu shi ne komai. Kamfanonin gem suna sayar da shi. A tsarin Ultimate Team na FIFA da Madden ana biyan kuɗi a buɗe ƙunshin katuna ba tare da sanin abin da ke ciki ba, da fatan samun ɗan wasa mai gudu. Hukumomin Beljiyam sun ɗauki wannan a matsayin caca a 2018, har EA ta daina sayar da kuɗin gem ɗin FIFA a ƙasar a farkon 2019. Yaron da ya yarda cewa gudu kawai ke kayar da gudu, abokin ciniki ne na har abada. Wanda ya fahimci fili da lokaci yana iya cin wasa da ƙungiyar da ya samu.

Mai gudun da Haɗejiya ta sani

Mutumin Haɗejiya ba ya bukatar allo kafin ya san abokin karawar da ya fi shi sauri. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya, ya bi ta Wudil da Ringim ya iso ƙasar da take shimfiɗe, inda yake rarrabuwa cikin dausayin Haɗejiya da Nguru kafin ya haɗu da ruwan Jama'are ya nufi Tafkin Chadi. Tun da can fadamar nan ita ce mai gadin baya. Ruwan damina yana bazuwa a cikinta, ƙarfinsa ya karye, in ya janye ya bar laima ga manomi, kifi ga masunci, ciyawa ga makiyayi.

Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya wannan tsari. Sun kawo noman rani, wanda shinkafar Auyo da kewaye ke shaida a kai, amma sun mayar da kogin da ke raguwa da rani mai gudana kusan duk shekara. Ruwa mai kwanciya marar zurfi shi ne abin da kachala ke so. Ciyawar ta cika hanyoyin ruwa, yashi da laka suka taru a gindinta, wasu rassan kogin suka toshe, ruwa ya koma bin inda bai saba bi ba. Gidaje da gonaki kuma suka ci gaba da matsowa bakin kogi. Ambaliyar 2018 da 2020 da 2022 ta nuna sakamakon a Auyo, Kafin Hausa, Kiri Kasamma, Guri da sauran ƙananan hukumomin yankin.

Abin da aka saba gani in ruwa ya taso shi ne matasa sun fito dare da rana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga. Aiki ne na sadaukarwa, kuma ya ceci unguwanni. Amma a lissafin tsaro, wannan tsere ne kafaɗa da kafaɗa da wanda ya fi ka gudu. Jingar da ta tare ruwa a nan tana tura shi ga ƙauyen da ke gaba, kuma ranar da ta ɓalle ba kowa a bayanta. Holan, wadda ta fi kowa sanin jinga, ta koyi wannan bayan ambaliyar 1993 da 1995. Ta ƙaddamar da shirin ba kogi fili, ta ja da wasu jingogi baya, ta haƙa wa Kogin Waal reshe a birnin Nijmegen, ta biya waɗanda aka tasa.

Ƙa'idojin nan huɗu suna da takwarorinsu a nan. Rufe baya shi ne a ware wuraren da aka amince ruwa ya kwanta, a hana gini a cikinsu. Tsare wuri shi ne a yashe hanyoyin ruwa a cire kachala da rani, kowace shekara, ba sai damina ta kankama ba. Lokaci kuwa yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, mai kula da madatsun, da hukumar NIHSA mai fitar da hasashen ambaliya duk shekara. Gargaɗin da ya tsaya a takarda a Abuja ko Dutse bai ƙara wa manomin Guri ko sa'a ɗaya ba, sai ya iso ta rediyo da bakin dagaci da Hausar da zai gane. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Inda misalin ya tsaya

Wani zai ce kwatanta gem da ambaliya wasa ne da abin da ba na wasa ba, kuma yana da hujja a wuri ɗaya muhimmi. Yadi 5 da aka sallama a allo ba na kowa ba ne. Filin da za a sallama wa kogi gonar wani ce, gadonsa ce, abincin iyalinsa na shekara ne. Saboda haka ba za a ce wa manomi ya ja da baya kawai a wuce ba. Sai an yi taswirar wuraren a bainar jama'a, da sa hannun masarauta da ƙungiyoyin manoma, masunta da makiyaya, an biya diyya kafin ruwa ya zo, an kuma tabbatar cewa ba talaka kaɗai ake zaɓa ya ɗauki asarar ba. Amma ƙin zaɓa ma zaɓi ne, kuma shi ake yi yanzu: ana barin kogi ya yanke hukunci da dare, kuma kusan kullum a kan wanda ba shi da jinga mai tsawo yake yankewa.

Iyayen da ke ganin gidan gem ɓata lokaci ne suna da dalilinsu, musamman inda caca ta shiga. Duk da haka, saurayin da ya koyi sauke layinsa, ya jure tsiyar 'yan kallo, ya ci wasa da ƙungiyar da ba ta da gudu, ya riƙe wani abu da masu tsara kasafin kuɗin ambaliya ke bukata. Hausawa sun riga sun faɗa, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Abin da ya rage wa gwamnatin Jigawa da hukumomin kogin shi ne su faɗi, tun rani, inda za a ja da bayan, da kuma wanda zai biya.