Ƙarfen da ake dasawa a jikin marasa lafiya: wa ke duba tsatsarsa?

Duk wanda aka cusa wa ragar ƙarfe don buɗe jijiyar jini a ƙafa, ko aka toshe masa rami a zuciya ba tare da an tsaga ƙirji ba, ko aka ɗaura masa waya don daidaita haƙora, akwai yiwuwar yana ɗauke da nitinol. Wannan ƙarfe haɗin nikel ne da titaniyam, kuma nikel ya kai kusan kashi 55 cikin 100 na nauyinsa. William Buehler da abokan aikinsa ne suka gano shi a ɗakin binciken makamai na sojojin ruwan Amurka a wajajen 1960. Likitoci na son sa ne saboda ana iya matse shi cikin siririn bututu, idan ya isa inda ake so sai ya buɗe ya koma siffarsa ta asali.

Matsalar tana ga nikel ɗin. Yana cikin abubuwan da suka fi haddasa ƙaiƙayi da ƙurajen fata, kamar yadda matan da ke sanya 'yan kunne masu araha suka sani. Jini kuwa ruwa ne mai gishiri da ɗumi, irin yanayin da ke cin ƙarfe. Abin da ke tsakanin nikel da jikin mara lafiya wani siririn ɓawo ne da titaniyam ke yi idan ya haɗu da iskar oksijin, wanda ido ba ya iya gani. Idan masana'anta ta goge saman ƙarfen da lantarki yadda ya kamata, ɓawon kan fito sumul, ya hana tsatsa. Idan kuma aka bar ɓawo mai kauri da zafin wuta ya haifar, yana iya tsagewa, nikel ya riƙa tsiyaya cikin jiki. Ke nan kayayyaki biyu masu suna ɗaya da siffa ɗaya na iya bambanta ƙwarai a cikin jiki, kuma likita ba zai gane da ido ba.

Saboda haka ne a 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan nitinol, inda ta shawarci kamfanoni su bayyana yadda suka sarrafa saman ƙarfen, su gwada juriyarsa ga tsatsa, su kuma auna yawan nikel ɗin da yake fitarwa.

Ƙa'idojin sun biyo bayan badaƙalar Essure, wata waya ta hana haihuwa mai ɗauke da nitinol, wadda FDA ta amince da ita a 2002. Dubban mata sun koka da ciwo, da kaucewar wayar daga mazauninta, da alamun jiki bai karɓe ta ba. Kamfanin Bayer ya daina sayar da ita a Amurka a ƙarshen 2018, kuma a 2020 ya amince ya biya kusan dala biliyan 1.6 don sasanta ƙararraki kusan 39,000, ba tare da ya amsa laifi ba. Koke-koken ba duka ke da nasaba da nikel ba, amma sun nuna cewa amincewar hukuma ba ita ce ƙarshen bincike ba.

Nijeriya na shigo da irin waɗannan kayayyaki ne daga waje, kuma hukumar NAFDAC ce doka ta ɗora wa rajistarsu. Abin da ya kamata 'yan majalisa da ƙungiyoyin likitoci su tambaya a fili yake: shin ana neman sakamakon gwajin tsatsa kafin rajista? Idan aka janye wani kaya a Amurka ko Turai, ta yaya za a gano waɗanda aka dasa wa shi a Kano ko Legas?

Mara lafiya ma yana da abin yi. Ya faɗa wa likita idan ƙarfe na sa shi ƙaiƙayi, ya kuma nemi a rubuta masa sunan kamfani da lambar abin da aka dasa masa. Nitinol mai inganci ya taimaki mutane da yawa, amma ranar da aka sanar da janye wani kaya, wannan takardar ce za ta nuna masa ko abin ya shafe shi.