Kama da Wane Ba Ta Wane

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu girma, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci.

Tun shekarar 2015, da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, iyaye da yawa suka tashi haiƙan don samar wa 'ya'yansu ita a gida. Wasu kan sayi haɗaɗɗiya, wasu kuwa su sayi kayan ɗaya-ɗaya a haɗa musu irin ta kan tebur. Ni dai a ganina haɗawar ta fi, domin in wani abu ya lalace shi kaɗai za a canza, kuma yaro ya koyi sana'a. Amma fa da sharaɗi: kada a fitar da ko kwabo sai an tabbata kayan za su zauna da juna.

Ga abin da ya sa na faɗi haka. A dogon hutun da ya wuce Baba ya sayar da gyaɗarsa, ya ba Yayana kuɗin ya tafi birni. Yaya ya sayi babban allo a wani kanti, ya sayi RAM a wani, don ya same ta da sauƙi. Da ya dawo muka shimfiɗa tabarma, ƙannenmu suka kewaye mu. Aka yi aka yi, RAM ta ƙi shiga gurbinta. Ashe allon na DDR5 ne, ita kuwa DDR4 ce. Dukansu haƙora 288 gare su, tsawonsu ɗaya, amma tsagar da ke tsakiyarsu ba wuri ɗaya take ba. Mai kanti ya ce kayan da ya fita ba ya dawowa. Baba bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Araha ba ta ado." Wallahi da bulala ya sa mana da ya fi sauƙi.

To, ga tsarin da na koya daga wannan asara.

Da farko a san aikin da za a yi da ita. Mai koyon buga rubutu da shirin jarrabawa ba ya bukatar kayan mai haɗa fim.

Na biyu, a zaɓi furosesa, wato ƙwaƙwalwar, sannan a nemo allon da gurbinsa ya dace da ita. Furosesar Intel ba ta zama a allon AMD. Kai, ko a gida ɗaya akwai bambanci. Gurbin AM4 na AMD, wanda ya fito a 2016, da DDR4 yake aiki, shi kuwa AM5 na 2022 ba ya karɓar komai sai DDR5. Allunan Intel masu gurbin LGA1700, waɗanda suka fara fitowa a 2021, wasu na DDR4 ne, wasu na DDR5. Sai an duba.

Na uku, a lura da hoto. Furosesar Intel mai harafin F a ƙarshen lambarta ba ta fitar da hoto sai an saya mata katin hoto daban. Haka Ryzen 5 5600, alhali 5600G tana fitarwa da kanta. Ku duba fa, harafi ɗaya tak!

Na huɗu, akwati. Allon ATX santimita 30.5 ne da 24.4, ƙaramin nan mini-ITX kuwa 17 da 17. Kaza ta iya kwana a garke, amma sa ba ya shiga akurki.

Na biyar, na'urar raba wuta. A nan ne mutane suka fi yin rowa, alhali in ta ƙone tana iya tafiya da sauran kayan. A lissafa wat nawa kayan ke ci, a sayi mai rara. Ganin yadda lantarki ke hawa da sauka a wurinmu, a haɗa da sitabilaiza, a kuma tanadi fanka mai kyau saboda zafin bazara.

Na san wani zai ce wannan wahala ta yi yawa, gara a sayi haɗaɗɗiya a huta. Gaskiya ne, wanda ba shi da mai nuna masa ya yi hakan, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma mu ɗalibai ba mu da wannan uzuri. Masu ƙera allo sukan bayyana kayan da yake karɓa a ɗan littafin da ke cikin kwalinsa da kuma a intanet, ga kuma malamanmu. Ai matambayi ba ya ɓata.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, kafin ku miƙa kuɗi, ku sa mu rubuta jerin kayan a takarda, malamin kwamfuta ya duba. A kasuwa kuma a ce wa mai kanti ya haɗa ya kunna a gabanku kafin a biya. Kuɗin nan gumin damina guda ne, bai kamata ya tafi a banza ba.

Nan zan dasa aya.